Dafin kububuwa yana mutuwa a hannuna bayan na tace shi, ina kuskuren yake?

Ɗalibi_Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu aikin labo ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Ina aikin digiri na biyu ne a kan dafin kububuwa, wadda ake ce ma gobe da nisa, irin tamu ta nan kwarin Binuwai. Abin da nake so shi ne in ware furotin ɗin da ke taɓa daskarewar jini, sannan in gwada ko serom, wato maganin saran maciji, da ake sayarwa a kantunan magani na nan yana karya ƙarfinsa ko baya karyawa. Ƙanin babana kububuwa ce ta sare shi a gonar auduga, kwana uku jini na tsatsafowa ta dasashinsa kafin a kai shi asibiti, bai tashi ba, to tun lokacin abin yake raina.

Wani dattijo mai kama macizai daga wajen Poli ya kawo mana guda 9, muka tatsa a ɗan gilas da aka ɗaure ma baki da leda mai taushi, dafin ya fito rawaya-rawaya mai ɗan yauƙi, na sa a ƙanƙara na juya shi a santirifij na kwashe ruwan sama. Ɗanyen dafin in na ɗiga kaɗan a plasma, wato ruwan jini, kafin minti ɗaya ya dunƙule. Na zuba rabi a kolon, wato bututun tace furotin, na Sephadex G-75 da tanpon, ruwan da ke riƙe pH wuri ɗaya, na fosfat pH 7.4, tudu huɗu, wato kaso huɗu na furotin, suka fito, na farkon har da ɗan launin rawaya kuma a ranar ƙarfinsa kaman na ɗanyen. Na haɗa shi a tub ɗaya na sa a kongilate, wato firiza, kullum in fiddo in narkar in gwada in mayar. Kwana na 5 ya yi sanyi, kwana na 8 babu komai, plasma na nan ruwa tsululu. A SDS-PAGE, jel ɗin da ke jera furotin bisa nauyi, layin nan mai kauri na wajen kilodalton 55 zuwa 60 ya sirance sai wasu ƙananan layuka suka cika ƙasan jel ɗin. Abin da ya fi ɗaure min kai, ragowar ɗanyen dafin da ke cikin kongilate ɗaya da shi har yau yana aiki. Wani abokina ya ce in zuba EDTA wai zai hana lalacewa. Kuran kuma, wato wutar lantarki, kun san halin da muke ciki, kusan kullum sai an ɗauke. Ina kuskuren yake?

Malam_Ngaundere:

Wa alaikumussalam ƙanena, Allah ya jiƙan baffanka. Ka ga wannan tambayar taka ta ƙarshe, me yasa ɗanyen ya rayu tataccen ya mutu, ai amsar tana cikinta. Ka yi tunani, macijin nan yana yawo da dafin a kumatunsa wata da watanni cikin zafin Garwa, anzim ɗin da ke narka naman mutum basu cinye jakar dafin ba, basu cinye junansu ba. Dalili shi ne a cikin jakar akwai abubuwan da suka danne su: ruwan yana da ɗan tsami, pH ɗinsa ƙasa da 6, akwai sitrat mai yawa da ke riƙe ƙarafan da anzim ke buƙata, sannan akwai wasu 'yan ƙananan peptid masu amino asid uku kacal da ke toshe bakin anzim ɗin. Masu bincike na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun nuna irin wannan peptid ɗin a dafin Echis ocellatus kanta, wato kububuwar Afirka ta Yamma. In macijin ya yi sara dafin ya watsu cikin jiki, ya tsinke, pH ya hau, masu tsaron nan suka rabu da shi, sai anzim ya farka.

To kai me ka yi? Sephadex yana raba abu ne bisa girma, manya su riga fita, ƙanana su makara a baya. Sitrat da peptid ɗin nan duk suna can tudun ƙarshe, ka raba su da manyan, ka kuma sa manyan a pH 7.4, wato ka yi musu daidai abin da jikin mutum ke yi musu. Sun farka a tub ɗinka, babu naman da za su ci sai junansu. Ƙananan layukan da ka gani a ƙasan jel gutsattsarinsu ne. Wajen kashi biyu cikin uku na furotin ɗin dafin kububuwar Afirka ta Yamma metaloproteyinaz ne, masu aiki da zinki, kuma manyan cikinsu da ake ce ma P-III, masu nauyin 50 zuwa 70 ɗin nan, an san su da yanka kansu da kansu.

EDTA kuwa kar ka kusanto da shi. Gaskiya ne zai tsayar da cin junan, amma ta hanyar zare zinkin da ke tsakiyar anzim ɗin ne, da kalsiyum ɗin da ke riƙe da siffarsa, kai kuma aikin anzim ɗin kake son aunawa. Amfaninsa ɗaya a wurinka: ka ɗebi kaso kaɗan ka sa masa EDTA ka gwada, in daskarewar ta tsaya ka samu hujja cewa metaloproteyinaz ke yin aikin. Haka DTT da merkaptoetanol, suna tsinka gadojin salfa da suka ɗaure furotin ɗin, banda cikin samfurin jel kar su taɓa maka kaya.

Sai fosfat. Laifinsa biyu ne. Yana kama kalsiyum ya kwantar da shi ƙasa, sannan fosfat na sodiyum in yana daskarewa wani ɓangarensa yana riga fita ya zama ƙanƙara, pH ɗin ruwan da ya rage ya faɗi warwas, daga 7 yana iya kaiwa wajen 4. Kai kuma sau takwas ka daskarar ka narkar, banda wanda ɗauke kuran ya yi maka cikin dare baka sani ba. Koma Tris mai ɗan gishiri da kalsiyum kilorid milimola 1 zuwa 2. Amma Tris ma yana da halinsa kuma mu mutanen zafi ya fi shafa, pH ɗinsa yana motsawa wajen 0.03 a kowane digiri, in ka daidaita shi a ɗaki mai zafin 35 ka kai shi firigo mai 5 ya hau kusan ɗaya cur. Ka sanyaya shi tukun sannan ka daidaita.

Rawayan da ka gani a tudun farko kuma wani anzim ne daban, L-amino asid oksidaz, launin daga FAD ɗin da yake ɗauke da shi ne, shi babba ne ya wuce abin da G-75 ke iya rabawa, don iyakarsa wajen 80. Ma'ana tudunka na farko taron jama'a ne, ba furotin ɗaya ba, sai ka bi shi da kolon na musanyar caji kaman DEAE kafin ka ce ka tace. Shi wannan oksidaz ɗin ma akasin sauran yake, daskarewa a wajen -20 ce ke kwantar da shi, an daɗe da sanin haka. Shi ya sa babu ajiya ɗaya da ta dace da kowa a cikin dafi. Fosfolipaz A2 ɗan ƙarami mai nauyin 14 gadojin salfa bakwai gare shi, yana jure zafin da zai kashe metaloproteyinaz nan take, haka gubobin nan masu yatsu uku na gamsheƙa da kumurci, ƙanana ne masu taurin kai. Kai ka zaɓi mafi shagwaɓa a cikinsu.

Abin da zaka yi yanzun: ranar da kaso ya fito daga kolon a ranar zaka auna furotin ɗinsa ka gwada aikinsa, ka raba shi ƙananan tub da yawa, kowane ɗaya na gwaji ɗaya, wanda ka narkar baya komawa. Kar ka bar shi tsararo, in ya yi ƙasa da miligiram 1 a mililita bangon tub ma yana shanye wani abu. Kuma a rubutunka ka duba sunan macijin, a 2018 Jean-François Trape ya ware na kudu maso yammacin Chadi da arewacin Kamaru ya kira su Echis romani, tsofaffin takardu duk ocellatus zaka gani.

Mai_Labo_Njamena:

Salam. Malam ya gama magana ta ɓangaren ilimi, ni ta ɓangaren wahala zan ƙara don shekara da shekaru nake fama da firigo a garin da zafi ke wuce 40 a watan Afrilu. Ɗan'uwa kafin ka zargi tanpon ka fara sanin me kongilate ɗinka ke yi in baka nan. Ka cika ɗan kofi da ruwa ka daskarar, ka ɗora sile a saman ƙanƙarar ka mayar ciki. In ka zo da safe ka ga silen ya nutse tsakiya ko ƙasa, to an narke an sake daskarewa cikin dare ko da ka tarar da komai da tauri. Ni da wannan na gano abin da ke kashe min kaya, gurup ɗinmu, wato janareta, ba a tada shi sai ƙarfe bakwai. Sannan ka cika duk wani fili na kongilate ɗin da gorunan ruwa, ka sa tub ɗinka cikin kwalin soso a can ƙasa tsakiyar gorunan, ba a ƙofa ba, kuma in mai kwance ne da ake buɗewa ta sama ya fi mai tsaye riƙe sanyi nesa ba kusa ba. Irin na zamani mai narkar da ƙanƙararsa da kansa kuwa bai dace da furotin ba sam, don ɗumama kansa yake yi lokaci lokaci.

Amma shawarata ta gaskiya, ɗanyen dafin ka busar da shi kawai ka huta. Busasshen dafi baya neman kuran. A 2014 wasu masu bincike a Ostireliya sun gwada tsofaffin dafi da aka ajiye a bushe, wasu sun kai shekara 80, suka tarar yawancinsu da ƙarfinsu. In babu injin busarwa cikin sanyi a inda kake, desikato, tukunyar gilas mai zuƙe danshi, ma yana yi, ka shimfiɗa dafin siriri a faranti na gilas, silika jel sabo a ƙasa wanda launinsa bai juya ba, ka ja iska da famfo ka sa a firigo cikin duhu, zai bushe ya zama ɓawo mai ƙyalli kaman ƙaro, ka kankare ka auna ka rufe a kwalba mai duhu da ɗan ƙullin silika. Lokacin hunturu iska a bushe take abin yana sauri, da damina kuwa kwalbar da ka fiddo daga sanyi kar ka buɗe sai ta dawo zafin ɗaki, in ba haka ba raɓa ta kwanta a kan garin shikenan ka jiƙa shi.

Kuma dan Allah wajen kankarewa da aunawa ka rufe hanci da baki ka sa tabarau da safar hannu, ƙurar busasshen dafi in mutum yana shaƙa a hankali jiki yana ɗaukar ƙyamarsa, ya fara da atishawa da ƙaiƙayin ido, daga baya ya zama babban abu. Ranar tatsa kuma kar a taɓa maciji sai akwai serom a kusa da motar da za ta kai mutum asibiti. Kolon ɗin ni da dare nake gudanar da shi ko da asuba, tub ɗin karɓa suna cikin ƙanƙara.

Malam_Ngaundere:

Maganar sile ta yi, zan ɗauka nima. Desikato kuma na yarda da shi ga ɗanyen dafi, don masu tsaronsa suna tare da shi yayin da yake bushewa. Amma ƙanena kar ka yi haka da tataccen kaso, awannin da zai ɗauka yana bushewa a hankali gishiri na taruwa anzim na matse da juna, cin junan zai ƙaru ne. Shi sai injin da ke daskararwa ya zuƙe ruwan, kuma a tanpon mai tashi da kansa kaman amoniyum asetat, da ɗan sukari irin tirehaloz ko sukuroz ya riƙe masa siffa. In babu injin, ka haɗa shi da giliserol rabi da rabi, a -20 ba zai daskare ba balle ya narke, ɗauke kuran na 'yan awanni ba zai yi masa irin wancan dukan ba. Sai dai ka tuna ka sa giliserol daidai wannan adadin a tub ɗin kwatance lokacin gwaji. Sannan plasma mai sitrat ce kake amfani da ita, ka tabbata kana mayar mata da kalsiyum iri ɗaya kowane gwaji, in ba haka ba lokutan da kake rubutawa ba za su kwatantu ba.

Inna_Nas:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba 'yar labo bace, nas ce a ƙaramin asibiti a ƙauye ta wajen Tubboro, amma na karanta duka don abin da kuke aunawa a tub mu a gado muke ganinsa. Farkon damina in an fara huɗa da shuka, da lokacin girbi, sai ka ga an kawo mutum a mashin ƙafa ta kumbura, wani tsohon ƙurji da ya warke ya buɗe yana zubar jini, yawu ja. Gwajinmu ɗaya ne, mu ɗebi jini mililita 2 mu zuba a busasshen tub na gilas mai tsabta mu ajiye minti 20 ba a taɓawa, in ka karkata ya zubo kaman ruwa to dafin ya cinye abin daskarewar. Ɗana abin da kake gani a plasma yana dunƙulewa kafin minti ɗaya shi ne wannan, a jiki yana ta kunna daskarewa har kayan su ƙare, sai jinin ya kasa tsayawa ko'ina. Bayan an sa serom sai mu jira awa 6 mu sake gwadawa, ranar da ka karkata tub ka ga jini ya tsaya cak wallahi har hawaye kake ji.

Abin da nake roƙonka kar ka sake ka bar ɓangaren gwada serom ɗin nan, ko da tacewar ta baka wahala. Mun ga kwalaben da aka saya da tsada, dangi sun sayar da akuya da buhun masara, a sa biyu a sa uku jini bai tsaya ba. Ba a nan kaɗai ba, a Gana an rubuta yadda mace-mace a wani asibitin karkara ya tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1 cikin ɗari da aka canza zuwa serom ɗin da aka yi da dafin kububuwar Indiya, a kudancin Chadi ma an ga irin haka. Sunan maciji ɗaya a takarda amma dafin ba ɗaya ba. Serom ɗin Fav-Afrique da aka saba da shi an daina yinsa a 2014, na ƙarshe ya ƙare aiki a Yunin 2016, lokacin an sha wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, ta ce tana so a rage mutuwa da nakasa da rabi kafin 2030, to mu dai muna jira.

Maganar ajiya ma ta shafe mu, don serom ɗin shima furotin ne, daga jinin doki ko tunkiya. Na ruwa sai a firigo tsakanin digiri 2 da 8 kuma ba a daskarar da shi, in na ɗaga kwalba a haske na ga ta yi gurɓi ko wani abu na yawo ciki bana sawa. Na gari wanda ake narkarwa a lokacin shi ya fi mana sauƙi a ƙauye, irin Inoserp, don baya neman firigo. Da na ji Malam na Njamena yana cewa busasshe baya neman kuran sai na ce ashe dalilin ɗaya ne.

Ɗalibi_Garwa:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya na Njamena, Inna Allah ya saka da alheri, maganarki ta shige ni. Na yi gwajin silen daren jiya, da safe na same shi a gindin kofi, ashe kayan narkewa suke gaba ɗaya. Na kwashe komai na kai wani mai kwance na cika shi da gorunan ruwa. Ragowar ɗanyen dafin bai fi rabin mililita ba, na raba shi uku, kashi biyu suna desikato yanzu haka, ɗaya zan sa a kolon jibi da asuba da Tris da kalsiyum, na riga na sa tanpon ɗin a firigo kafin in taɓa pH. Tambaya ɗaya ta rage Malam, gwajin serom ɗin in jira sai na samu tataccen furotin ko in fara da ɗanyen?

Malam_Ngaundere:

Fara da ɗanyen, yau ma in ka samu dama, ai mai sara ba tataccen furotin yake zuba ma mutum ba. Ka nemi mafi ƙarancin dafin da ke daskarar da plasma cikin minti ɗaya, ka riƙe adadin dafin wuri ɗaya kana canza yawan serom, ka bar su tare minti 30 a digiri 37 kafin ka zuba a plasma, da tub ɗaya na dafi ba serom da ɗaya na serom ba dafi. Ka rubuta lambar kowace kwalba da ranar ƙarewarta da yadda ka same ta a ajiye a kantin. Ka sani wannan gwajin ɓangaren daskarewa kawai yake nuna maka, zubar jini da kisa sai an yi a ɓeraye da izinin kwamitin ɗa'a, kar ka rubuta fiye da abin da ka auna. Macizai 9 daga wuri ɗaya kuma sun yi kaɗan a ce dafin yankin ne, in dattijon zai iya samo maka daga wajen Gidar da Tubboro, manya da ƙanana, ka busar da na kowane wuri daban kar ka haɗa tukun. Jel ɗin jibi ka ɗauki hotonsa a ranar, ka sake yin wani bayan kwana 3 da kwana 7 daga tub daban daban, ka turo mu ga ko layin 55 ɗin ya tsaya.